Birnin Buri da Birnin Fargaba: Mafarkin Ƙasa Tagari a Adabi da Tarihin Zamfara



GABATARWA

Lokacin da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce in yi magana a kan yadda marubutan zamani suke siffanta ƙasar da ta fi kowace kyau da kuma ƙasar da ta fi kowace muni, sai na fara tara littattafan Turawa a kan teburina, kamar yadda aka saba mana a inda muka yi karatu. Ban yi nisa ba na lura cewa in na tsaya a kansu kaɗai, zan zo nan ne in yi muku hirar Landan da Mosko, alhali kuwa da yawa daga cikinku sun baro iyayensu a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da Kuryar Madaro, inda wannan magana ta wuce ta littafi. Saboda haka na ga ya fi dacewa in ɗauki mudun da littattafan nan suka ba mu, in auna tarihin wannan yanki da shi.

Abin da nake so in nuna shi ne, mutanen ƙasar Zamfara sun sha jin alkawarin ƙasa tagari, tun daga wa'azin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har zuwa zamanin siyasar da muke ciki, kuma a kowane karo abu ɗaya suka nema a cikin alkawarin, watau adalci ga talaka. Duk sa'ad da aka gina ganuwa ko aka shimfiɗa hanyar jirgi ko aka kafa doka, amma aka bar wannan abu ɗaya a baya, to, mafarkin yakan juye ya zama abin tsoro.

MA'ANAR KALMOMI

A shekarar 1516 wani Baturen Ingila, lauya kuma ɗan siyasa, mai suna Thomas More, ya fitar da wani ɗan littafi cikin harshen Latin, ya kira shi Utopia. Daga harshen Girka ya ƙago kalmar, ma'anarta kuwa wurin da babu shi, ko da yake lafazinta ya yi kusa da wata kalmar mai ma'anar wuri mai kyau. A cikinsa ya siffanta wani tsibiri mai birane 54, inda ba wanda ya mallaki gona shi kaɗai, kowa yana aikin sa'a 6 a yini, zinariya kuwa an wulaƙanta ta har da ita ake ƙera tukwanen bawali da sarƙoƙin ɗaure bayi. Daga sunan wannan littafi ne Turawa suka riƙa kiran duk wata ƙasa ta mafarki da Yutofiya. Ni a wannan lacca zan kira ta Birnin Buri.

Galibin masu ambaton littafin sukan tsaya a kan tsibirin, su manta da kashi na farko, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. A nan ne More ya yi bayanin Ingila ta zamaninsa, inda masu ƙasa suka ga gashin tumaki ya yi tsada, sai suka riƙa korar manoma daga gonakinsu, suna kewaye filayen da shinge domin kiwo. Waɗanda aka kora suka bazu a kan hanya ba sana'a, yunwa ta sa su sata, hukuma kuma ta riƙa rataye su. Hujjarsa ita ce ƙasar da kanta take ƙera ɓarawon, sa'an nan ta juyo ta hukunta shi. Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da shi a dajin Zurmi. Daga nan kuma muke fahimtar cewa mai rubuta Birnin Buri ƙorafi yake yi a kan birnin da yake zaune a ciki, ya dai lulluɓe ƙorafin ne da labari domin ya tsira da wuyansa. More ma bai tsira ba, gama Sarki Henry na 8 ya sa an sare masa kai a 1535, ko da yake a kan wata rigima dabam.

Wannan tunani ya girmi More nesa ba kusa ba. Aflaɗon ya yi shi a Girka, a duniyar Musulunci kuma Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta littafi a kan Madinatul Fadila, watau birni nagari, ya kuma jera kishiyoyinsa, kamar birnin jahilci da birnin fasiƙanci da birnin ɓata. Ashe ke nan tun can ana tafiya da hoton biyu tare.

Kishiyar ce ta yi ƙarfi a ƙarni na 20, bayan Turawa sun ga yaƙin duniya da mulkin kama-karya da idonsu. Suka kira ta Distofiya, mu kuma mu ce Birnin Fargaba. Yevgeny Zamyatin na Rasha ya rubuta We wajen 1921, inda mutane suke zaune a gidajen gilashi, ana kiransu da lamba maimakon suna. Aldous Huxley ya fitar da Brave New World a 1932, inda ake ƙyanƙyashe jarirai a kwalabe, a rarraba su aji-aji tun kafin haihuwa, a kuma kwantar da hankalin manya da ƙwaya. George Orwell ya fitar da Animal Farm a 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975, sa'an nan ya biyo da Nineteen Eighty-Four a 1949, inda hukuma ta sa na'ura mai gani da ji a kowane ɗaki. Abin da ya haɗa waɗannan littattafai shi ne tsoron gwamnatin da ta yi ƙarfi fiye da kima, wadda idonta ba ya barci.

WA'AZIN SHEHU A ZAMFARA

To, mu dawo gida. A cikin shekarun 1760 Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, suka kafa babban birninsu, Alkalawa, a kan ƙasar Zamfarawa. Sarautar Zamfara ta watse, jama'arta suka zama talakawan waɗanda dā baƙinsu ne. A cikin wannan hali ne Shehu Usmanu ya shigo Zamfara a shekarun 1780, ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati. Ba abin mamaki ba ne da kiransa ya sami karɓuwa a nan, domin mutumin da aka rushe masa birni shi ya fi kowa sauraron labarin sabon birni.

Me Shehu ya yi wa mutane alkawari? Amsar tana cikin abin da ya faru a Magami wajen 1788, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar idi ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu 5 a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Ku lura, biyu daga cikin biyar ɗin nan maganar kurkuku ce da maganar aljihun talaka. Haka kuma a Kitabul Farƙi, inda aka bambanta mulkin adalci da na zalunci, an jera abubuwan da kowane ɗan kasuwa da makiyayi ya sani: jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da ƙwacen kaya a kasuwa, da alƙalan da ke karɓar rashawa. Wannan littafi ya yi aikin da kashin farko na littafin More ya yi, sai dai shi bai ɓoye a bayan tsibiri ba.

Akwai kuma babban bambanci. More ya rubuta nasa birni ya ajiye alƙalami, ya koma aikin fada. Shehu da jama'arsa kuwa sun tashi daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, suka yi niyyar gina nasu a doron ƙasa, suna koyi da Madina ta zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yankin da muke magana a kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki. Fulanin Alibawa na Zurmi sun karɓi tuta, daga cikinsu ne kuma Muhammadu Namoda ya fito, jarumin da ya yi fice a yaƙe-yaƙen da suka kai ga faɗuwar Alkalawa a 1808, wanda garin Ƙauran Namoda yake ɗauke da sunansa har yau. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya nuna cewa wajibin shugaba ne ya kula da manoma da maƙera da masaƙa, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma gwada hakan da kansa a ribaɗoɗin da ya kafa, irin su Wurno, inda ya zaunar da makiyaya, ya haɗa su da masu sana'a.

INDA TSAGA TA FARA

Masanin tarihi ba maroƙi ba ne, saboda haka dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a Zamfara ne aka fara ganin gaskiyar wannan. A 1805 jama'ar Shehu suka sauka a Sabon Gari, cikin ƙasar Zamfara, a lokacin yunwa da ƙarancin abinci. Zamfarawa sun karɓe su da farko a matsayin abokan gāba da Gobir. Amma da mayaƙa suka riƙa shiga ƙauyuka suna ɗibar hatsi da ƙarfi, sai zukata suka juya, garuruwa da dama suka koma ɓangaren abokan gāba. Manomin da aka yi wa alkawarin sauƙin haraji ya ga an buɗe masa rumbu ba da izninsa ba, bai kuwa tsaya tambayar tutar wa mai ɗibar yake ɗauke da ita ba.

Shugabannin da kansu sun ga wannan. Wajen 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar ƙaura zuwa ƙasa mai tsarki, saboda baƙin cikin yadda ya ga son mulki da tara dukiya da bayi sun shiga zukatan mutane. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkami domin ya koya musu ƙa'idojin mulki, kāna ya komo. Bayan rasuwar Shehu a 1817 kuma, Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiransa na farko, ya yi tawaye a Kware, yana kukan cewa ba a yi adalci wajen rabon ƙasa da muƙamai ba. Aka ci garinsa, ya gudu da rauni, ya rasu a Bakura cikin Zamfara a 1818. Har wa yau, daular da aka kafa domin 'yantar da talaka ta dogara ƙwarai a kan aikin bayi a gandaye, kamar yadda tsibirin More ma yake da bayinsa. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga yadda wannan ya raba uwa da ɗanta.

Ban faɗi wannan domin rage darajar mujaddadai ba. Girmansu ma a nan yake, domin su suka fara sukar abin da suka gina, suka kuma bar mana ma'aunin da za mu auna su da shi, mu auna na bayansu.

SABABBIN ALKAWURA

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka zo da nasu Birnin Buri, wanda suka kira ci gaba. A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta ƙare a Ƙauran Namoda. Gari ya cika da kantuna da 'yan baranda da baƙi daga kudu, gyaɗa da auduga suka riƙa tafiya bakin teku. An sami arziki, ba shakka, amma manomi ba shi yake yanke farashi ba, jangalin da aka yi jihadi a kansa kuwa ya zama ginshiƙin baitulmalin En'e. Da kasuwar gyaɗa ta faɗi a shekarun 1970, sakamakon fari da cuta da kuma samuwar kuɗin man fetur, sai harkar jirgin ta yi ta ja da baya.

Adabinmu na boko ya kama wannan yanayi tun daga farkonsa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, labarin jarumin da ya yaƙi Turawa bai yi nasara ba, sai labarin ya ɗauke shi ya kai shi ƙasashen aljannu inda yake cin kowane yaƙi. Wannan Birnin Buri ne na wanda aka ci da yaƙi, yana samu a mafarki abin da ya kuɓuce masa a farke. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuma tafiya ce ta neman ruwan da ke warkar da cuta, a wata ƙasa mai nisa. A 1969 Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma da aka shiga zamanin man fetur sai murya ta sauya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna yaron ƙauye da ya ɗauki birni aljanna, ya tarar da akasin haka, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya buɗe mana duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci. Marubutanmu ba su bukaci ƙago wata ƙasa ta gaba ba domin su tsorata mai karatu, wadda suke ciki ta ishe su.

A fagen siyasa, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta ɗauki kalma ɗaya ta mai da ita tuta, watau sawaba. Malam Aminu Kano da abokansa sun dawo da tsohon ƙorafin nan na haraji da kotu da zaluncin masu sarauta, har magajiyarta PRP ta soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin tarayya ta kawo wa Zamfara wani babban alkawari, madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. An ce za a yi noma rani da damina, ƙasa ta ƙoshi da shinkafa da alkama. Amma an karɓe gonakin mutane, diyya ta yi jinkiri ko ta ƙi zuwa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin da masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Injiniyoyi sun auna ruwa da ƙasa daidai, mai gonar ne ba a sa shi a lissafi ba.

Alkawari na baya-bayan nan da yawa daga cikinmu mun gan shi da idonmu. An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, a gaban taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba, ta fara aiki a Janairun 2000, daga baya jihohin da suka bi wannan hanya suka kai 12. Talakan da ya yi tattaki zuwa Gusau ran nan, abin da yake fata shi ne ya ga ranar da za a tsayar da shi da mai kuɗi a gaban alƙali ɗaya, a yi musu hukunci ɗaya. A watan Maris na 2000 aka zartar da haddi na farko, a kan wani talaka da aka samu da laifin satar saniya. Jama'a suka zuba ido su ga ranar da hukunci zai hau kan masu satar dukiyar baitulmali. Laifin ba na shari'a ba ne, domin ita ba ta san babba da yaro ba. Na masu riƙe da ita ne.

BIRNIN FARGABA NA ZAMANINMU

Yanzu mu koma ga abin da na ce ku riƙe. A arewacin Zamfara, wajen Zurmi, akwai babban dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa, aka kuma tanade shi domin kiwo, da 'yan ƙauyukan manoma a cikinsa irin su Dumburum. Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965 domin kare irin waɗannan filaye. Da jama'a ta ƙaru, ƙasa ta gaji, sai gonaki suka riƙa cin burtali da mashaya, aka kuma riƙa yanka daji ana raba wa masu hannu da shuni. A Ingila ta More an kori manomi domin dabba, a nan kuwa an matse dabba da mai ita domin gona, amma sakamakon iri ɗaya ne. Makiyayin da shanunsa suka shiga gona ya sha tara fiye da kima a hannun alƙali da ɗan sanda da mai gari. Manomin da aka cinye wa amfani ko aka sace wa shanun huɗa shi ma ya kai ƙara bai ga sakamako ba. Kowane ɓangare ya fid da rai daga hukuma. Ɓarayin shanu suka yi ƙarfi, 'yan sa-kai suka tashi suna kashe wanda suka zarga ba tare da shari'a ba, makamai suka shigo ta kan iyaka, daga wajen 2011 kuma abin ya zama yaƙi. Wannan bayani ne na sanadi, ba uzuri ba ne ga wanda ya kashe rai ko ya saci mutum, gama wanda aka zalunta ba shi da izinin zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba.

Zinariyar da mutanen tsibirin More suka wulaƙanta ita ma ta taka rawarta. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na wannan shekara hukuma ta rufe layukan wayar salula a jihar baki ɗaya, ta hana cin kasuwannin mako, har da babbar kasuwar dabbobi ta Shinkafi, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da labari. Ana cikin wannan hali ne, a watan Oktoba, aka auka wa Kuryar Madaro da dare, aka kashe mutane, aka ƙone shaguna da motoci, ba kuwa wayar da za a kira a nemi ɗauki. A ƙauyuka da dama na Shinkafi da Zurmi an kai matsayin da shugabannin 'yan bindiga, irin su Bello Turji, suka riƙa aza wa mutane haraji kafin su yi shuka ko girbi. Harajin da Shehu ya roƙi Bawa ya sauƙaƙa, wanda NEPU ta sha ɗauri a kansa, ya dawo a hannun wanda ba ya ba da rasit.

A nan ne nake ganin littattafan Turawa ba su ishe mu ba. Orwell ya ji tsoron hukumar da take ganin kome, mutumin Kurya kuwa kukansa hukumar da ba ta ganinsa. A littafin Orwell na'ura ce a ɗaki ba ta kashuwa, a Kurya waya ce a hannu ba ta shiga. Wuri ɗaya da suka haɗu shi ne mutuwar amana, domin kamar yadda mutanen Orwell suke tsoron maƙwabci ya kai rahotonsu, haka ɗan ƙauye yake tsoron mai kai wa 'yan daji labari, har ya zama ba a sakin baki a majalisa ko a bakin masallaci. Alfarabi da malaman Sakkwato sun fi kusa da ciwonmu, domin su sun san cewa birni yakan lalace ta hanya biyu, ko shugaba ya wuce iyaka, ko ya kasa sauke abin da aka ɗora masa.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga alkawari iri-iri a wannan ƙasa: na tuta, da na jirgi, da na madatsar ruwa, da na doka. Ba wanda ya zo da mugun nufi a bakinsa, kowanne kuma ya bar wani alheri. Amma kowanne ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, watau ranar da aka taɓa rumbun talaka ko gonarsa ko saniyarsa, ya nemi inda zai kai kuka ya rasa.

Wasu masana sun ce tun da mafarkin ƙasa tagari yakan ƙare da jini, gara a daina shi. Ban yarda ba. Al'ummar da ta daina hangen abin da ya fi halin da take ciki, ita ce take sabawa da biyan fansa kamar yadda ake sabawa da zafin bazara. Abin da tarihin Zamfara ya koya mana shi ne a riƙa gwada kowane babban shiri da ƙaramar tambaya: in an cuci mafi rauni a cikin wannan tsari, wa zai saurare shi, kuma cikin kwana nawa?

Ku ma'aikatan gwamnati, amsar wannan tambaya tana kan teburanku. Tana cikin fayil ɗin diyyar da ya shekara ba a sa masa hannu ba, da taswirar burtalin da aka bari a cikin kabad, da ƙarar makiyayi da manomi da aka ɗaga sau goma. Muhammadu Bello bai raina maganar kasuwa da hanya ba, ku ma kada ku raina. Ku kuma ɗalibai, musamman 'yan wannan yanki, ku rubuta. Ku tambayi tsofaffinku yadda kasuwar Shinkafi take ci a dā, da inda burtali ya bi, da sunayen ƙauyukan da suka tashi, ku ajiye a takarda tun masu sanin suna da rai. Sa'an nan ku rubuta mana Kuryar da kuke so 'ya'yanku su gada, dalla-dalla, har da yadda alƙalinta zai yi hukunci, domin magini ba ya aza tubali sai ya san siffar ɗakin.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.